KADA BINCIKEN 'YAN MAKARANTA YA RUƁE CIKIN SITO

Wannan ita ce laccar da Akawun reshenmu na Tudun Wada, Kaduna, ya yi wa ɗaliban manyan makarantu da iyayen yara. Mun buga ta yadda ya faɗa.

 Abin da ya tara mu yau magana biyu ce, watau ran yara ƙanana, da kundin binciken nan da ɗalibai su ke rubutawa in za su gama karatu. Wataƙila wani ya ce, me ya gama kifi da kaska? To, ku kasa kunne, in mun ƙare sai ku yanke hukunci da kanku.

Kowace shekara ɗaruruwan ɗalibai a garin nan su kan shiga unguwanni da takardun tambayoyi, su sha rana, su kashe kuɗin iyayensu, su rubuta kundi mai shafi tamanin ko ɗari, a yi masa bango mai kyau. Malami ya duba ya ba da maki. Daga nan sai a kai kundin sito a jibge bisa 'yan'uwansa, gara da ɓeraye su gama karanta shi. Da yawa cikin kundayen nan kuwa a kan yara aka yi su: rigakafi, gudawa, yaye, talla, bara, barin makaranta. Abin da mu ke so mu nuna muku yau shi ne, akwai hanyar da za a fid da aikin nan daga sito a buga shi duniya ta gani, kuma in an buga shi ya kan zama shaida wadda mahukunta ba su iya musunta.

LISSAFIN DA BA SHI DA DAƊIN JI

Bari mu fara da lissafi. Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ta kan yi wani babban bincike bayan 'yan shekaru, ta bi gida gida tana tambayar mata 'ya'ya nawa suka haifa, nawa ke raye, nawa suka koma. A binciken 2018 an samu cewa cikin kowane yaro 1,000 da aka haifa da rai a Nijeriya, 132 ba su kai shekara biyar ba. Ɗaya cikin takwas ke nan. A shiyyarmu ta Arewa maso Yamma abin ya kai 187. A Jihar Kebbi 252 ne, watau ɗaya cikin huɗu, alhali a Jihar Ogun 30 ne kacal. Ƙasa ɗaya ce fa, Gwamnatin Tarayya ɗaya.

Binciken 2023 zuwa 2024 ya nuna an ɗan sami sauƙi, lissafin ƙasa duka ya sauko zuwa 110. Madalla. Amma ku tuna a 2015 Nijeriya ta shiga alkawari tare da sauran ƙasashe a Majalisar Ɗinkin Duniya, cewa kafin 2030 za a sauko da shi zuwa 25. Daga 110 zuwa 25 tafiya ce mai nisa, lokaci kuwa ya ƙure.

Me ke kashe yaran nan? Ba wata baƙuwar cuta ba ce. Zazzaɓin cizon sauro ne, da gudawa, da limoniya, da ƙyanda, da tamowa, da wahalar da jariri ke sha wajen haihuwa da cikin watansa na fari. Kowace ɗaya an san maganinta ko rigakafinta tun da daɗewa, mafi yawa kuma ba su da tsada. Duk da haka a 2018 yaro 31 kaɗai cikin 100 ya sami cikakken rigakafin farko, kuma 43 cikin 100 na 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa. Sauran, in sun mutu, ba a rubuce su ke ko'ina ba, kamar ba su taɓa zuwa duniya ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Babban binciken nan iyakarsa jiha, ba ya saukowa zuwa unguwa. Zai gaya maka halin Jihar Kaduna a dunƙule, amma ba zai bambanta maka Tudun Wada da Tudun Nufawa ba, ko Unguwar Sanusi da Rigasa. Jihar nan kuwa ƙananan hukumomi 23 gare ta, da mazaɓu 255, kowace da irin ciwonta. Sa'an nan ga wani abu: shekara da shekaru hukumar agaji ta Amurka, USAID, ita ke ɗaukar babban nauyin binciken nan, a 2025 kuwa Gwamnatin Amurka ta rushe ta. Wanda ya saba jiran baƙo ya ƙirga masa 'ya'yansa, ran da baƙo ya tafi yaya zai yi? Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba.

DOKA TANA NAN A TAKARDA

Ta wajen doka ba a bar mu baya ba. Ran 20 ga Nuwamba 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara, Nijeriya ta amince da ita a 1991. Ƙasashen Afirka suka yi tasu a 1990. A 2003 Majalisar Tarayya ta kafa Dokar Haƙƙin Yara. Sashe na 13 ya ba yaro haƙƙin lafiya, sashe na 15 ya ce ilmin farko kyauta ne kuma tilas, sashe na 30 ya hana a yi amfani da yaro wajen bara da talla. Dokar ta tanadi kotun iyali, ta kuma tanadi kwamitocin da za su lura da aikinta tun daga Tarayya har ƙaramar hukuma. Tun da ya ke sha'anin yara yana hannun jihohi, sai da kowace jiha ta yi tata. Jihar Kaduna ta yi a 2018, Jihar Kano a 2023.

To, shekara ɗaya bayan dokar Kaduna, cikin Satumba 2019, 'yan sanda suka shiga wani gida a nan Rigasa suka fito da mutum fiye da 300, da yawansu yara, waɗansu da mari a ƙafa. Gidan kuwa ba a daji ya ke ba, cikin gari ya ke. A 2020, zamanin annobar korona, gwamnonin Arewa suka kwashe almajirai suka mai da su jihohin iyayensu. A 2023 aka kafa hukumar Tarayya ta almajirai da yaran da ba su zuwa makaranta. Yanzu muna tambaya: yaran nan da aka mayar, nawa suka shiga aji, nawa suka dawo kan titi? Kotun iyali sau nawa ta zauna bara, shari'a nawa ta yanke? Kwamitin ƙaramar hukuma yana nan, ko kuwa suna ne kawai? In mai mulki ya ce komai lafiya, mu muka ce ba lafiya ba, gardama ce ta baki da baki, shi kuwa bakinsa ya fi namu ƙarfi. Amma in ɗalibin shari'a ya je ya duba rajistar kotu, ya ƙirga, ya rubuta, masana suka tace aka buga, to, gardama ta ƙare, sai a zo a yi aiki.

ABIN DA RUBUTU YA TAƁA YI

Kada ku ɗauka tatsuniya mu ke muku. A Ankara ta ƙasar Ghana, zamanin Turawa, wata likita mai suna Cicely Williams ta ga yara suna kumbura, gashinsu yana ja, suna mutuwa. Ta saurari mutanen wurin, ta ji sunan da su ke kiran cutar da harshen Ga, watau kwashiorkor, ciwon yaron da aka ture daga nono don an sami ƙane. Irin abin nan ne da iyayenmu mata ke cewa yaro ya sha ciki. Ta rubuta a 1933, ta sake rubutawa a 1935 a mujallar Lancet ta Ingila, ta nuna rashin abinci mai gina jiki ne. Yau duk likitan duniya da sunan nan na mutanen Ankara ya san cutar.

A ƙasar Yarabawa, daga 1956, likita David Morley na asibitin mishan na Ilesha ya zauna da ƙauyen Imesi-Ile, shi da ma'aikatan jiyya suna awon yara wata wata, suna rubuta nauyin kowane yaro da ciwon da ya yi. Daga aikin nan aka sami asibitin 'yan ƙasa da shekara biyar, da katin awon nan mai layi da mata ke riƙewa. Duk uwar da ke zaune a nan ta san katin. Daga ƙauye guda ya fito ya zaga duniya, dalili kuwa an buga abin da aka gani.

Ku matso kusa da gida. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun rubuta labarin haihuwa 22,774 a jere, daga 1976 zuwa 1979, ba su tsallake ko ɗaya ba. Aka buga a 1985. Abin da ya bayyana shi ne, matan da ba su taɓa zuwa awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su, su ne suka fi mutuwa, su ne kuma suka fi rasa jarirai, kuma rashin karatun mace yana da babban hannu a ciki. Shekara biyu bayan haka, a 1987, aka yi taron Nairobi inda duniya ta ɗaura ɗamarar kare ran mata masu haihuwa, aikin Zariya yana cikin hujjojin da masana suka riƙa kafawa.

Za ku ce ai waɗannan manya ne, mu kuwa ɗalibai. To, Charles Best ɗalibi ne ɗan shekara 22 sa'ad da suka yi aikin gano insulin da likita Banting a Toronto ta Kanada a 1921, kuma wanda aka fara ceto da maganin cikin Janairu 1922 yaro ne. A nan gida, ɗaliban likita na Ibadan sun kafa mujallarsu mai suna Dokita tun 1960, shekarar da muka sami mulkin kai, su ke tacewa su ke bugawa. Abin da ɗalibin Ibadan ya yi shekara sittin da suka wuce, me zai hana ɗalibin Kaduna?

TUDUN WADA BA TA RASA KOME BA

Ku dubi abin da ke kewaye da mu. Ga babbar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda ta faro a 1956 ta zama kwaleji a 1968, cikin unguwar nan ta ke. Ga Asibitin Yusuf Ɗantsoho. Ga makarantar koyon ungozoma. In ka ɗan taka, ga Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004, da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. Mai son tarihi, ga Gidan Arewa, ga kuma Ma'ajiyar Tsofaffin Takardu ta Ƙasa, inda rahotannin likitocin lardi na zamanin En'e su ke ajiye. Ga jama'a kuwa cunkus, daga Kasuwar Barci har lungunan da mota ba ta shiga. Ɗalibin da ya taso a nan yana jin harshen, ya san gaisuwa, ƙanwarsa ko abokiyar karatunsa tana shiga har ɗakin matan aure. Masanin da zai taso daga London ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan.

Bari mu ba ku misalin tambayoyin da ɗalibi ɗaya ko biyu za su iya amsawa cikin wata uku. Allurar rigakafin cuta biyar ana yinta ne a mako na 6, da na 10, da na 14, ta ƙyanda kuwa a wata na 9. Ɗalibi ya zaɓi gidaje ta hanyar ƙuri'a, ya nemi ganin kati, ya ƙirga yara nawa suka karɓi ta fari, nawa suka koma ta uku, ya tambayi waɗanda suka daina dalili. Kuɗin mota ne, ko zazzaɓin bayan allura, ko maigida ne ya hana, ko tsawar ma'aikaciya? Kowane dalili maganinsa daban, hukuma kuwa ba za ta san wanda za ta tunkara ba sai an gaya mata. Wata ɗaliba ta ɗauki tef ɗin awon dantse, wanda in ya nuna ƙasa da santimita 11.5 yaro yana cikin hatsarin tamowa, ta auna yaran mazaɓa guda da rani, ta sake aunawa cikin Agusta. Wani ya bincika me a ke sa wa jariri a cibiya, da jarirai nawa a ke kai wa wanzami cire beli. Wani ya bi 'yan mata masu talla ya rubuta awa nawa su ke yi a titi, da ribar da a ke samu, don a san ko nawa zai isa a fanshi yarinya ta koma aji. Ɗalibin aikin gwamnati ya ɗauki kasafin kuɗin jiha ya gwada abin da aka rubuta za a kashe wa asibitocin mazaɓu da abin da aka saki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya don lafiya matakin farko. Nawa ya iso asibitin unguwarku? Wannan tambaya ce ta ɗalibin akanta.

INA A KE BUGAWA, KUMA YAYA?

Mujallun suna nan, ba kuwa sai an haye teku ba. Ƙungiyar Likitocin Yara ta Nijeriya tana da Nigerian Journal of Paediatrics, tana kuma da taron shekara shekara inda a ke karɓar tsakuren bincike. A Sakkwato a ke fid da Sahel Medical Journal da Annals of African Medicine. A nan Kaduna, Tsangayar Kimiyya ta Jami'ar Jiha tana da Science World Journal. Akwai Pan African Medical Journal ta Afirka duka. Masu karatun shari'a da sha'anin mulki, akwai mujallun tsangayoyin shari'a na jami'o'inmu, akwai wadda ɗaliban shari'a na Jami'ar Legas ke gudanarwa da kansu, akwai kuma African Human Rights Law Journal ta Jami'ar Pretoria, wadda kowa ke iya karantawa kyauta. Na ɗalibai zalla kuwa, ban da Dokita akwai International Journal of Medical Students. In kuna son ganin sauran, ku buɗe rumbun African Journals Online a intanet, wanda aka fara a 1998, yana ɗauke da mujallun Afirka fiye da 500. Ku karanta abin da aka buga a kan irin tambayarku kafin ku sa alƙalami.

Mujalla ba ta karɓar kundi mai shafi ɗari. Tilas a matse shi ya koma kalma dubu uku ko ƙasa da haka, a kasa shi huɗu: me ya sa aka yi binciken, yaya aka yi shi, me aka samu, mene ne ma'anarsa. A ɗora tsakure a sama. Duk dogon sharhin nan na babi na biyu da a ke cika shafi da shi, a zubar, a bar abin da ido ya gani. Wanda abin da ya samu kaɗan ne, akwai gajeren rahoto, akwai labarin majinyaci guda, akwai wasiƙa zuwa ga edita, duka bugu ne, duka ana ƙirga su.

Ku tafi tare da malamin da ya duba aikin, don ya san hanya, sunansa kuma zai fito tare da naku. Amma mu gaya wa malamai gaskiya: ɗalibin da ya yi yawon, ya yi lissafin, ya yi rubutun, sunansa ne ya kamata ya zo farko. Malamin da ya ɗauke kundin ɗalibi ya buga da sunansa shi kaɗai ya ci amana, kuma daidai ya ke da wanda ya girbe gonar maƙwabci.

In an aika, edita zai miƙa wa masana biyu ko uku waɗanda ba ku san su ba, su tace. A kan yi watanni ana jira. Sau da yawa takarda ta kan dawo da gyara jawur, wani lokaci a ce ba a karɓa ba sam. Kada ranku ya ɓaci, haka a ke yi wa farfesoshi ma. Ku gyara ku mayar, ko ku aika wa wata mujallar, amma kada ku aika wa biyu lokaci guda. Waɗansu mujallu suna neman kuɗin bugu, waɗansu ba su nema, da yawa kuma su kan yafe ko su rage in ɗalibi ya rubuta ya roƙa tun da fari.

GARGAƊI UKU

Na fari, haƙƙin yaron da a ke binciken a kansa. Mu mutanen Arewa mun ɗanɗana. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani, Trovan, cikin wani gwaji na yara 200. Yara 11 suka mutu, waɗansu cikin masu shan sabon maganin, waɗansu cikin masu shan wanda aka gwada shi da shi. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Zargin da abin nan ya shuka yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, yara da yawa suka shanye a banza. Saboda haka kafin ku tambayi kowa kome, ku sami takardar izini daga kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti ko na Ma'aikatar Lafiya, mujallar kirki ma ba ta karɓar aikin da ba shi da ita. Ku gai da mai unguwa. Ku yi wa uwa da uba bayani da Hausa, in sun ƙi ku yi godiya ku wuce. Yaron da ya yi wayo shi ma a tambaye shi. Kada a rubuta sunan yaro, kada a buga hotonsa. In kun tarar da yaro cikin hatsari, ku ajiye takarda ku nuna wa iyayensa hanyar asibiti.

Na biyu, gaskiya. Duk mun san ɗalibin da ke zama ƙarƙashin itacen mangwaro ya cika takardun tambayoyi ɗari da hannunsa, da wanda ke biyan mai shagon kwamfuta ya kwafo masa aikin wani, da na yanzu wanda ke sa na'ura ta ƙago masa lissafi. In don maki ne, malaminsa kaɗai ya cuta. Amma lissafin ƙarya a kan rigakafi in ya shiga mujalla, zai sa a kai magani inda ba a bukata, a bar inda yara ke mutuwa. Gida arba'in da ka shiga da ƙafarka sun fi ɗari huɗu na ƙarya. In abin da ka samu ya saɓa wa abin da ka zata, ko ya wanke hukumar da ka so ka kama, rubuta shi haka nan. Mu da ke adawa mun fi kowa bukatar wannan, don ran da aka kama mu da lissafin ƙarya guda, na gaskiya goma sun tafi.

Na uku, 'yan damfara. Akwai mujallun bogi da ke aiko wasiƙa suna yabonka, su ce kawo kuɗi a buga maka cikin kwana uku. Ba mai tacewa, ba mai karantawa, kuma aikin da ya faɗa hannunsu ba ya sake buguwa a wurin kirki. Ku duba ko sunan mujalla yana cikin rumbun da muka ambata, ko cikin jerin nan na DOAJ, ku tambayi ma'aikacin laburare. Araha ba ta ado, gaggawa kuwa ta fi ta muni.

A MAI DA WA MASU ABU ABINSU

Bugawa da Turanci rabin aiki ne. Matar da ta ba ka tabarma ta amsa tambayarka ba za ta ga mujalla ba har abada. Tun Janairu 1939 da aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya aka tabbata ba maganar da Hausa ba ta iya ɗauka. Saboda haka kowane ɗalibi ya rubuta shafi guda da Hausa mai sauƙi: ga abin da muka tambaya, ga abin da muka samu, ga abin da ya kamata a yi. Ya kai wa mai unguwa, da kwamitin ci gaban mazaɓa, da shugabar asibitin unguwa, da kansila, da ɗan majalisa. Ya kai gidan rediyo. Ya kawo wa jaridar nan, shafinmu a buɗe ya ke, ba mu kuwa tambayar katin jam'iyya.

Ga mahukunta muna da roƙo huɗu, ba kuwa mai tsada a ciki. Ɗaya, a buɗe wa ɗalibin da ya sami izini rajistar asibiti da ta makaranta da ta kotu, bayan an rufe sunaye. Dokar 'Yancin Samun Bayanai tana nan tun 2011, kada akawu ya ce sai Oga ya dawo har zangon karatu ya ƙare. Biyu, kowace babbar makaranta a jihar nan ta kafa mujallar ɗalibai. Asusun TETFund yana ba makarantu kuɗin bincike da na buga mujallu, a gutsura wa ɗalibai. Uku, laburare ya sa kundayen ɗalibai a intanet, don na baya ya ɗora daga inda na gaba ya tsaya, a daina maimaita tambaya ɗaya shekara goma. Huɗu, Majalisar Dokoki ta Jiha ta keɓe rana guda a shekara ta saurari ɗaliban da suka buga bincike a kan yara. Ran 16 ga Yuni ta dace, Ranar Yaran Afirka, wadda a ke yi don tunawa da 'yan makarantar Soweto da aka harbe a 1976.

Ku iyayenmu, in kun ga 'ya'yan nan a ƙofar gida da takarda, ku tambaye su izininsu, in sun nuna ku ba su wuri, ku gaya musu gaskiya ko da mai ɗaci ce, har da labarin wanda ya koma. Ku kuma ce musu su dawo su gaya muku abin da suka samu, haƙƙinku ne.

Ku kuwa ɗalibai, wanda ya riga ya gama, ya je gida yau ya kakkaɓe kundinsa ya kai wa malaminsa cikin makon nan. Wanda bai zaɓi abin da zai bincika ba tukuna, ya zaɓi tambaya guda ƙarama a kan yaran layinsu, wadda zai iya amsawa da ƙafarsa. Masu son a haɗa su biyu biyu ko uku uku, su tsaya bayan an tashi su rubuta sunansu da makarantarsu wurin Akawu.

Shugaban taro, iyakar abin da ke bakinmu ke nan.